Fitilar Kasuwa Ta Isa: Haske Domin Tsire-tsiren Akwatin Kifi



A 'yan watannin nan tambaya ɗaya ta yi ta zuwa mana daga ƙungiyoyin da suka shiga kiwon kifi, da kuma waɗansu malaman makarantun ikilisiya. Suna so su kafa akwatin gilashi mai ruwa, da ƙananan kifaye da tsire-tsire masu rai a ciki, irin wanda Turawa suke kira akwariyom. Waɗansu domin koya wa yara ne. Waɗansu kuwa matasan ƙungiya ne da suka ga ana sayar da kifin ado a birni, suna so su gwada sa'arsu. To, da suka je shago sai aka ce musu tsiron ruwa ba ya rayuwa a ɗaki sai da wata fitila ta musamman da ake kawowa daga ƙasashen waje, kuɗinta kuwa ba kaɗan ba ne. Suna tambaya, lalle ne sai an saye ta?

Amsarmu ita ce a'a. Farin ƙwan lantarki na kasuwa, irin wanda muke sa wa a ɗaki ko a majami'a, ya isa ya rayar da yawancin tsire-tsiren da za mu iya samu, in an san yawan hasken da ake bukata, da inda za a rataye ƙwan, da awa nawa zai ci. Kuɗin da ke cikin asusun ƙungiya gumin mutane ne, har da na gwauraye, bai kamata a fitar da shi a kan maganar mai shago kaɗai ba. Saboda haka za mu bayyana dalili, domin kwamiti ya yanke shawara da saninsa.

Abin da ganye yake yi da haske

Kowane manomi ya san dawar da ta tsiro ƙarƙashin inuwar mangwaro. Takan yi tsawo, siririya, fari-fari, ba ta yin zangarniyar kirki, ko da ƙasar wurin tana da taki. Dalili kuwa ganye shi ne madafar tsiro, haske kuma shi ne wutar murhun. Ganye yakan ɗauki ruwa da iskar nan da muke fitarwa in muna numfashi, wadda masana suke kira kabon dayoksaid, ya haɗa su da ƙarfin haske ya yi sukari. Da sukarin nan ne tsiro yake gina kara da saiwa da sabon ganye. Cikin wannan aiki sai ya saki oksijin, watau iskar da mu da dabbobi da kifi muke shaƙa mu rayu.

A cikin ruwa ne ma aka fara ganin wannan sosai. A shekarar 1779 wani likita mutumin Holan, Jan Ingenhousz, da yake zaune a Ingila, ya nutsar da ɗanyen ganye cikin tulun gilashi. Ya lura in rana ta haska ganyen, ƙananan ƙwayoyin iska sukan fito a jikinsa su hau sama, in an kai shi duhu kuwa sai su daina. Daga baya, a 1850, wani masani a Landan mai suna Robert Warington ya ba da labarin yadda ya ajiye kifaye biyu da wata ciyawar ruwa cikin tulu mai cin galan 12, watanni suna wucewa bai canja ruwan ba. Kifi yana ba ciyawa numfashinsa da kashinsa, ciyawa tana mayar masa da oksijin. Ku lura, a zamanin Warington babu ƙwan lantarki a gidan kowa, balle fitila ta musamman. Hasken taga ne ya yi masa aikin.

To, ina batun launi da masu shago suke yi? Gaskiya ne farin haske haɗin launuka ne, kamar yadda muke gani a bakan gizo. Gaskiya ne kuma koren sinadarin da ke cikin ganye ya fi shan ja da shuɗi. Wannan ne ya sa aka ƙera fitilu masu haske ruwan hoda, aka ce su ne na tsiro. Amma a 1972 wani masani a Amurka, Keith McCree, ya buga sakamakon gwajin da ya yi da ganyen amfanin gona iri 22, ya nuna cewa tsiro yana cin moriyar dukan launukan da ido yake gani, har da kore da rawaya, sai dai wani ya fi wani kaɗan. Farin ƙwan nan mara zafi da aka rubuta LED a kwalinsa, ainihinsa shuɗin haske ne yake fitarwa, aka rufe shi da wani garin rawaya mai juya sashen shuɗin ya koma kore da rawaya da ja. Watau duk abin da ganye yake nema yana ciki. Mutanen Japan uku da suka gano hanyar yin shuɗin nan, Akasaki da Amano da Nakamura, har lambar girmamawa ta Nobel aka ba su a 2014. Tsiro bai san kuɗin fitila ba, abin da ya sani shi ne ko hasken ya iso ganyensa ko bai iso ba.

Ko rana ba ta isa ba?

Wani zai ce, a ƙasarmu da rana ta yi yawa haka, me ya kawo maganar fitila? Tambaya ce mai kyau, kuma wanda yake da rumfa ko baranda mai haske, inda rana ba ta dukan akwatin kai tsaye sai awa ɗaya ko biyu da safe, wataƙila ba ya bukatar fitila ko kaɗan. Muna so a fara duba wannan kafin a sayi kome, gama kyauta ne.

Wahalar ita ce ɗakunanmu duhu gare su fiye da yadda muke zato. Ido yakan saba da duhu, har mu ce ɗaki yana da haske. Amma in aka auna, hasken tsakar rana a fili yakan kai lakis 100,000 a ma'aunin haske, na cikin ɗaki mai ƙaramar taga kuwa ɗaruruwa kaɗan ne. In kuma aka fitar da akwatin tsakar gida, sai abin ya wuce gona da iri. Ruwa kaɗan ne a ciki, da bazara zai yi zafi kafin azahar, cikin mako ɗaya ko biyu kuma ya koma kore shar, ba a ganin kifin. Amfanin fitila ke nan: ita muna iya kunna ta, mu kashe, mu ɗaga, mu sauke. Rana ba ta jin maganar kowa.

Wace fitila za a saya

Fitilar kananzir da aci-balbal a bar su. Haskensu bai kai kashi ɗaya cikin goma na ƙwan lantarki guda ba, ga hayaƙi, ga haɗarin kananzir ya ɗiga cikin ruwa.

Tsohon ƙwan nan mai jar waya a ciki yana iya rayar da tsiro, amma wajen kashi tara cikin goma na wutar da yake sha zafi take zama. Zafi kuwa abokin gāban kifi ne. Ruwa mai sanyin digiri 20 yakan riƙe oksijin wajen miligiram 9 a kowace lita, in ya kai digiri 30 sai ya koma wajen 7 da rabi, alhali a cikin zafin ne kifi ya fi bukatar iska. A watan Maris da Afrilu ɗaki mai rufin kwano ya riga ya dafa ruwan, ba sai an ƙara masa murhu a ka ba.

Dogon ƙwan nan na ofisoshi da ajujuwa, mai ƙafa biyu ko ƙafa huɗu, shi ne masu wannan sana'a suka yi shekaru da yawa suna aiki da shi, kuma ya yi musu. Wanda yake da shi a ajiye ya yi amfani da shi. Sai dai haskensa yakan ragu a hankali tun bai mutu ba, kuma akwai zaiba a cikinsa, wadda guba ce. In ya fashe a kan akwati sai a kwashe kifin, a zubar da ruwan da yashin nesa da rijiya.

Wanda muke ba da shawara a saya sabo shi ne na LED, ko mai siffar ƙwai, ko dogo, ko kuwa ƙaramar fitilar nan mai faɗi da ake kafawa a bango domin haska tsakar gida da dare. A kwalin akwai lambobi uku da ya kamata mai saye ya iya karantawa. Ta fari wat, da harafin W. Wannan yawan wutar da ƙwan yake sha ne, ba yawan haskensa ba. Ta biyu luman, da haruffan lm, ita ce yawan hasken. Tsohon ƙwai mai wat 60 da na LED mai wat 9 duka wajen luman 800 suke bayarwa, shi ya sa lissafi da wat ya daina aiki. Ta uku lamba ce mai harafin K a ƙarshe, tana nuna launin farin. Mai 2700K ko 3000K ja-ja ne kamar hasken yamma, mai 6500K fari ne fat kamar tsakar rana. Tsiro zai yi girma da kowanne. Mun fi son mai 6500K domin ganye da kifi sun fi kyaun gani a ƙarƙashinsa, shi ne kuma ya fi yawa a kasuwa.

Gargaɗi ɗaya. Ba duk abin da aka rubuta a kwali ne gaskiya ba. Akwai ƙwai mai araha da aka rubuta masa babbar lamba, amma haskensa bai kai ba. In za ku saya, ku sa mai kaya ya kunna iri biyu ko uku gefe da gefe, ku haska farar takarda ku gani da idonku. Wayoyin hannu da yawa ma ana iya sa musu ma'aunin haske, in akwai matashi a ƙungiya da ya iya.

Lissafin akwatinku

Masu renon tsiron ruwa suna da ƙiyasi mai sauƙi. Tsire-tsire masu haƙuri suna bukatar luman 10 zuwa 20 a kan kowace litar ruwa. Matsakaita, 20 zuwa 40. Masu wuyar sha'ani, fiye da 40. Ƙiyasi ne, ba doka ba, kuma da farar fitila kaɗai yake aiki, gama luman da idon mutum ake auna shi.

Bari mu ɗauki akwatin da aka fi yi, mai tsawon ƙafa 2, faɗi ƙafa 1, zurfi ƙafa 1. Yana cin lita 54, watau garwa uku. (Nauyin ruwan kaɗai ya fi buhun siminti, saboda haka a duba ƙafafun teburin tukuna.) Lita 54 sau 10 ya ba mu 540, sau 20 kuwa 1,080. Ke nan ƙwan LED guda mai luman 800 ya shiga tsakiyar lissafin. Amma ƙananan ƙwai biyu masu wat 5, ɗaya a kowane gefe, sun fi guda ɗaya a tsakiya, domin hasken ya kai kusurwoyi. Babban akwati mai ƙafa 4 da zurfin ƙafa 1 da rabi da faɗi haka nan yana cin wajen lita 240, shi kuwa dogayen ƙwai biyu na LED masu wat 18 za su ishe shi.

A nan ne mutane da yawa sukan yi hasara ba su sani ba. Ƙwai mai siffar ƙwai yana watsa haske ko'ina, sama da gefe da ƙasa. In aka rataye shi tsirara, babban rabo bango da rufi yake haskawa, tsiro yana zaune da yunwa. Maganin kuwa ba ya cin kuɗi: a sami farin kwanon sha ko tasa ta alminiyam, a huda tsakiya, a kifa ta bisa ƙwan kamar malafa. Ko kafinta ya yi murfin katako, a shafa wa cikinsa farin fenti, a bar ramuka ta sama domin zafi ya fita, gama zafi ne yake kashe ƙwan LED tun kwanansa bai ƙare ba. Fitilar tsakar gida mai wat 10 ba ta bukatar malafa, dama gefe ɗaya take haskawa.

Nisa ma babban abu ne. Ga ƙaramin ƙwai, in aka ninka nisansa sau biyu, hasken da yake isa ganye ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu ne. Ƙwan da ke manne a rufin ɗaki ba ya yi wa akwatin da ke kan tebur kome. A sauko da shi ya zama inci 4 zuwa 8 bisa fuskar ruwa. In an rataye shi da sarƙa ko igiya mai ƙulli, ɗagawa da saukewa za su yi sauƙi, za ku kuwa bukace su.

Awa nawa

Sabon akwati a fara shi da awa 6 a yini. Bayan wata guda, in tsiro ya kama yana fid da sabon ganye, a ƙara zuwa awa 8. Kada a wuce 10. A riƙa kunnawa da kashewa a kan lokaci ɗaya kullum. In akwai ɗan agogon nan da ake sa wa a soket mai kashe wuta da kansa, madalla. In babu, a ɗora aikin a kan mutum ɗaya, kada a ce na kowa ne.

Wata masaniya a Amurka, Diana Walstad, wadda ta yi suna wajen renon tsiron ruwa da ƙasar lambu da fitila mai araha, takan kunna awa 5 da safe, ta kashe awa 4 da rana, ta sāke kunna awa 5. Dalilinta shi ne kafin tsakar rana tsiro ya shanye kabon da ke cikin ruwa, hutun nan kuwa yakan ba shi zarafi ya sāke taruwa. A wurinmu hutun tsakar rana yana da amfani na biyu, domin lokacin ne ɗaki ya fi zafi. Awa 4 da safe da awa 4 da yamma ya yi.

In an ɗauke wuta kwana biyu ko uku, kada hankali ya tashi, tsiro mai lafiya ba ya mutuwa don wannan. Kada kuma in wuta ta dawo a bar fitila dare da rana wai ramuwa. Ba a ramawa. Gansakuka ce kaɗai za ta ci ribar.

Ga kuɗin wuta. Ƙwai mai wat 9 na awa 8 yana shan wat-awa 72 a yini, a wata guda yunit 2 da ɗan kai. Tsohon ƙwai mai wat 60 zai sha fiye da yunit 14 domin haske iri ɗaya. Ƙungiyar da ke ƙauyen da wutar layi ba ta kai ba tana iya aiki da sola. Ƙwai mai bolt 12 da wat 10 yana bukatar wat-awa 80 a yini, farantin sola mai wat 50 kuwa yakan tara fiye da ninki biyu na wannan a rana mai kyau. In majami'a tana da sola dama, ba sai an sayi sabo ba, sai dai a nemi yardar dattawa.

Karanta akwatin kamar gona

Ba wani lissafi da ya kai duban ido. In kara yana miƙewa siriri, tsakanin ganye da ganye da nisa, ganyen ƙasa yana zuba, haske bai isa ba, sai a sauke ƙwan ko a ƙara awa ɗaya. In gilashi yana yin kore cikin kwana biyu, ko zaren gansakuka ya nannaɗe ganye, ko ruwan ya yi kauri kamar miyar kuka, haske ya fi abin da tsiron zai iya ci, ko kuwa ana ba kifi abinci fiye da kima. Sai a rage awa biyu, a ɗaga ƙwan, a rage abinci, a canja kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane mako. In abin ya ƙi, a kashe fitila a lulluɓe akwatin da bargo kwana uku. Tsiro zai jure, gansakuka ba za ta jure ba. A cikin masu farawa, waɗanda yawan haske ya ɓata wa aiki sun fi waɗanda ƙarancinsa ya ɓata wa yawa. Abu ɗaya za a canja a lokaci guda, a jira mako biyu a ga abin da ya faru.

Tsire-tsiren da suka dace da irin wannan fitila ba nesa suke ba. Akwai wani mai kaurin ganye kore duhu da ake sayarwa a shagunan Turai da Amurka, sunansa Anubias barteri. Daga rafuffukan kurmin kudu maso gabashin Nijeriya da Kamaru ya fito, an kuwa sa masa sunan Charles Barter, masanin itatuwa da ya bi ayarin binciken kogin Kwara, ya rasu a Rabba a 1859. Tsiron inuwa ne, haske kaɗan yake so. Ba a binne kaurin jijiyarsa, ɗaure shi ake yi a jikin dutse da zare. Akwai kuma ciyawar nan mara saiwa da ake samu a tafkuna da madatsun ruwa, mai siraran ganye kewaye da kara kamar wutsiyar kyanwa, wadda littattafai suke kira Ceratophyllum. Tana girma da sauri, tana ƙwace wa gansakuka abinci. Bado ma da yaranmu suke tonowa a fadama, Turawa da kuɗi suke sayen irinsa domin akwatinsu. Shi yana son haske fiye da sauran, kuma sai ana yanke ganyen da ya kai sama, in ba haka ba ya rufe kowa. Kainuwa dashen Allah tana da amfani wajen tace ruwa da rage haske in ya yi yawa, amma kada ta rufe fiye da kashi ɗaya cikin uku na fuskar ruwan. Mai kama da ita ɗin nan mai shuɗin fure, wadda ta shigo ruwayen Badagiri da Legas a 1984 ta toshe hanyoyin jiragen ruwa, kada kowa ya kai ta inda babu ita.

Wanda zai ɗebo tsiro a tafki ya tuna da tsargiya. Ƙananan dodon koɗi da ke manne a ciyawar ruwa su ne suke ɗauke da ƙwayar cutar fitsarin jini, ta fata kuwa take shiga. A sa takalmin roba da safar hannu, kada a aiki yara. A wanke tsiron, a cire kowane dodon koɗi da ƙwansa mai kama da majina a bayan ganye, a ajiye shi a bokiti dabam mako biyu ana dubawa kafin ya shiga akwatin da yara za su taɓa.

Ba kowane kifi ne ya dace ba. Karfasa takan cinye ganye ta tone saiwa. 'Ya'yan tarwaɗa kuwa duhu suke so, haske mai ƙarfi wahalar da su yake yi, saboda haka kada masu ƙyanƙyasar tarwaɗa su ɗauki maganar nan su kai ɗakin ƙyanƙyasa. Ƙananan kifayen ado ne na akwati mai tsiro, su ma kaɗan.

Abin da akwatin yake koya wa mai tafkin kifi

Ko ƙungiya ba ta sayar da kifin ado ko ɗaya ba, akwatin zai biya kuɗinsa ta wata hanya. Da dare tsiro ba ya ba da oksijin, shan ta yake yi kamar kifi. Haka gansakuka. Wannan shi ne abin da yake faruwa a tafkin karfasa da ruwansa ya yi kore ƙwarai saboda yawan taki. Da yamma iska ta cika ruwan, amma dukan dare ana sha ba a mayarwa, kafin asuba ta kusa ƙarewa. Shi ya sa akan tarar da kifi ya taso sama yana haki da sassafe, wani lokaci ma a tarar da shi matacce, musamman bayan kwanakin hadari ko ƙurar hunturu da rana ba ta fito sosai ba. Mai tafki ya riƙa zagayawa kafin fitowar rana. In ya ga haka ya dakatar da taki da abinci, ya zuba sabon ruwa.

Ana iya nuna wannan a taron ƙungiya ko a aji cikin rabin awa. A cika kwalba mai haske da ruwa, a busa numfashi a ciki ta bututun biro na minti ɗaya, a yanko reshen ciyawar nan mai wutsiyar kyanwa a sa shi, wurin yankan yana duban sama. A ajiye ƙwai inci 4 daga kwalbar, a jira minti biyar, a ƙirga ƙwayoyin iskar da suke fita a minti ɗaya. A janye ƙwan zuwa inci 8 a sāke ƙirgawa, sa'an nan inci 16, sa'an nan a rufe kwalbar da hula. Wanda ya ga wannan da idonsa ba ya bukatar a sāke yi masa bayanin nisa, ko na asuba.

Wuta da ruwa

Wannan sashe a karanta shi da ƙarfi a gaban dukan 'yan ƙungiya. Wutar layi mai bolt 220 zuwa 240 tana kashe mutum, jiƙaƙƙen hannu da danshin daɓe kuma suna ƙara mata hanya. Fitilar ɗaki ba domin ruwa aka yi ta ba, wannan ne kaɗai inda ta musamman ta fi ta da gaske, saboda haka mu ne za mu cike gurbin. A ɗaure fitilar yadda ko yaro ya ja ta ba za ta faɗa ciki ba. A sa fallen gilashi tsakaninta da ruwa domin tururi da fantsama, a riƙa goge shi, gama ƙura da farin gishirin ruwan rijiya suna tare haske. Wayar ta sauko ƙasa da soket ta yi lanƙwasa kafin ta hau, domin in ruwa ya bi ta ya ɗiga ƙasa. Kada a yi haɗin waya da leda, a kira mai gyaran wuta. Kafin kowa ya sa hannu cikin akwatin, a zare filogi daga bango, kashe makunni kaɗai bai isa ba. Fitilar tsakar gida da aka rubuta wa IP65 tana jure ruwan sama da fantsama, amma ba a nutsar da ita. A makaranta kuwa, inda hannuwa suka yi yawa, mun fi so a yi aiki da mai bolt 12 ta sola, gama ita ba ta jan mutum haka.

Akwai inda fitila mai tsada take da dalili: akwatin da zurfinsa ya wuce ƙafa 2, ko jajayen tsire-tsire masu laushi da ake hura wa kabon daga tukunyar gas, ko halittun ruwan teku. Wannan aikin gwanaye ne a manyan birane. Matasan da suke tunanin ciniki su fara da akwati ɗaya daga kuɗin da ke hannu, ba da rance ba, su kuma je birni su tambayi masu saye irin kifi da tsiron da ake nema tun ba su ƙara na biyu ba.

Magatakarda ya buɗe shafi a littafin ƙungiya, ya rubuta girman akwatin, da luman na ƙwan, da nisansa daga ruwa, da awoyin kunnawa, da ranar da aka canja wani abu. Bayan mako shida ku aiko mana da abin da kuka gani ta hannun malamin gona na gundumarku, ko ya yi kyau ko bai yi ba, za mu buga domin sauran ƙungiyoyi.